Gambo da Allon Tagwaye

Wani sashe na labarin nan ya zube mini a hanya, gara in faɗa tun da fari. Sunan garin ma ba ni da tabbas, ko Rafin Gora ne ko Rafin Kanya. Duk na zauna a biyun, kuma kowanne yana da rijiya mai zartsi a bayan masallaci. Na san dai a kudancin ƙasar Katsina ne, na kuma san na yi rani da damina a wani zaure ina karantar da dattawan garin. Abubuwan da Gambo ya yi sun fi waɗanda zan kawo yawa. Wasu na manta su, wasu kuma ina tsoron na wani ne nake neman ɗora masa, sai na bar su. Waɗanda na riƙe ga su.

Gidansu yana kallon zauren da nake. Mutum biyu ne a ciki sai awaki: Gambo da mahaifiyarsa Tsahare, wadda ba mai kiran sunanta, sai dai Uwar Biyu. Haihuwarta ta fari tagwaye ne mata, Hasana da Usaina. Bayansu ta haifi namiji, aka riƙa ce masa Gambo kamar yadda ake ce wa duk wanda ya biyo bayan tagwaye. Lokacin da na san shi furfura ta fara fito masa a gemu. Manomi ne mai ƙarfi, ba ya ƙarya, ba ya fushi. Abu ɗaya ne da shi: yadda magana ta fito daga baki haka yake ɗaukarta, ba ya leƙa bayanta. An taɓa ce masa ya sa ido a kan tukunya, ya sunkuya a kanta har tururi ya sale masa gira.

Uwar Biyu tana cikin matan da suka riƙe al'adar tagwaye da gaske. Abin da aka ba ɗaya sai an ba ɗayar irinsa, don mutanen da sun ce fushin tagwaye kunama yake aikowa. Ni ban ga kunamar nan a littafi ba, amma ban yi mata gardama ba. Ko ƙosai ɗaya ne sai an tsaga shi, kuma tun yana ƙarami Gambo ne mai tsagawa. Sunayensu ma ba ta faɗa. 'Yar fari ake yi wa wannan kunyar, ita kuwa ta ga in ta yi wa ɗaya dole ta yi wa ɗayar. Da aure ya kai Hasana Jos ya kai Usaina Sakkwato, sai suka zama ta Jos da ta Sakkwato.

Tagwayen sun ɓata, ba sa magana. Mafarin ɓacin yana cikin abin da ya zube mini. Ina zaton kan suna ne, ɗaya ta riga ɗayar sa wa 'yarta sunan Tsahare. Abu na ƙarshe da suka haɗa hannu suka saya kafin nan shi ne wata kwamfutar hannu mai faɗi, don tsohuwar ta riƙa ganin fuskokinsu da girma in sun kira. Mutanen garin suka ce mata allo, don da allon ta yi kama. Hasana tana kira ta wata manhaja mai alama koriya, Usaina ta wata mai alama shuɗiya, don ko manhaja sun ƙi haɗawa.

Sai idon Uwar Biyu ya fara dushewa. Ma'aikaciyar lafiya ta garin, Lantana, wadda kowa ke ce wa Likita, ta duba ta ce wannan ciwon irin wanda ba ya mayar da abin da ya ci ne, a kai ta babban asibiti tun da sauran gani. Hasana ta ce a kawo ta Jos. Usaina ta ce a kawo ta Sakkwato. Uwar Biyu ta ce ba za ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya ba, ko da kuwa za ta makance a kan tabarmarta. Na yi mata magana, Lantana ta yi mata, ba ta motsa ba. Idon kuwa bai tsaya jiran kowa ba.

Wata rana, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kiran biyu suka shigo a tare, don kowace ta san ɗayar lokacin take kira. Uwar Biyu ta ce kada a amsa ko ɗaya. Allon ya yi ta kuka har ya gaji. Da Lantana ta ji, ta ce abin ai mai sauƙi ne, a raba allon biyu kowace ta samu nata gefe. Akwai masu cewa Gambo ya kai wa kafinta ya sa masa zarto. Ƙarya ce, ƙari aka yi masa. Wurina ya kawo shi, a naɗe cikin ɗankwali, ya durƙusa ya ajiye a gabana.

"Allah gafarta Malam, rabo na kawo."

"Rabon me, Gambo?"

"Likita ta ce a raba. Na ga kai ne mai rabo a garin nan. Kai ka raba gonar gidan Tunau."

Na ce masa wancan gado ne, kuma ba a raba gado sai mai abu ya rasu. Ya dubi allon, sannan ya ce shi ma wannan yakan mutu, jiya ma ya mutu, sai da aka kai shi caji ya farfaɗo. Ya tambaya ko ya bar shi ya mutu ya dawo da shi. Na ce a'a, ya koma wurin Likita, ni iyakar karatuna allon katako ne. Ya naɗe abinsa, ya yi mini godiya kamar na yi masa wani abu.

Wata rana Lantana ta zaunar da shi a barandar asibiti don ta koya masa. Ta buɗe koriyar manhaja ta cika allon. Ta nuna masa alamar shuɗiyar a ƙasa, ta kama yatsansa na dama ta ɗora a kai. Ta ce, "Danna ka riƙe. Kada ka saki sai na ce." Abin da za ta ce bayan nan shi ne ya ja alamar zuwa gefe ya saki, amma sai aka shigo da mai naƙuda, ta tashi da sauri ta bar shi. Gambo ya jira har inuwa ta juya. Da ya ga ba ta fito ba ya taho gida da allon a hannun hagu, yatsan dama a danne. Aka kawo tuwo, ba hannun ci. Uwar Biyu ta ce ya saki mana, ya ce Likita ba ta ce ba. Ta lalubo kwanon ta riƙa ba shi a baki, tana lalubar gemunsa kafin ta sami bakin. Na leƙa na same su a haka, tana yi masa faɗa tana dariya, miya har hanci. Da la'asar ta gabato ya zo yana tambayata yadda mai riƙe da abu yake alwala. Na ce ya ajiye, salla ta fi. Ya ce ya sani, amma amana ce. Dole na saka takalmi na raka shi asibiti. Lantana ta fito tana goge hannu, ta gan shi, ta dafa bango.

"Gambo, tun ɗazu?"

"Ba ki ce ba, Likita."

"To ja shi gefe. A'a, ba allon ba, yatsan. Yawwa. Saki."

Ya saki, allon ya rabu. Koriya a gefe ɗaya, shuɗiya a ɗaya gefen, da wani siririn layi a tsakani. Yatsan ya sandare, sai da aka murza masa da man zafi. Amma tun daga ranar bai taɓa manta yadda ake yi ba, ya ma fi Lantana sauri.

Wata rana, ina jin washegari ne, Lantana ta wuce ta ƙofar gidan ta ce masa, "To Gambo, yanzu allonku ya zama mai fuska biyu." Ta tafi abinta. Gambo ya tsaya kamar an zuba masa ruwan sanyi. Tun yana yaro yake jin uwarsa tana cewa mai fuska biyu ba ya shigar mata gida, don shi ne mai kai magana nan ya kai can. Ya ɗauki allon ya fitar da shi zaure, ya jingina shi yana kallon bango. Juma'a ta zo, allon ya yi ta kuka a zaure, Gambo ya ce ya yi ta yi. Tagwayen kowace ta ɗauka ɗayar ce ta sa aka toshe ta, kowace ta kira Lantana ta zazzage mata. Uwar Biyu kuwa ta zauna a bakin ɗaki tana juya fuska wajen zauren. A makon nan ne ta daina gane kalar zannuwanta, sai da hannu. Lantana ta zo ta ce kuskuren baki ta yi, ba fuska ba ne, taga ce, taga biyu a bango ɗaya. Gambo ya ce in taga ce ba laifi. Ya nemi gafarar allon, ya mayar da shi ciki. Ya kuma yanko ƙyalle ya ɗinka wa kowace taga ɗan labule, don ya ce tagar matan aure ce kuma maza suna shigowa gaisuwa.

Wata rana allon ya riƙa daskarewa, a taɓa shi ya yi kamar bai ji ba. Lantana ta ce ya yi nauyi, abubuwa sun yi yawa suna aiki a bayansa. Gambo ya juya bayan ya duba bai ga kowa ba. Ya ɗaga shi ya jinjina, ya ce shi bai ji ƙarin nauyi ba, amma Likita ta fi shi sani, ya naɗa gammo ya ɗora shi a ka zuwa gida. Ta bi shi da murya tana cewa in ya ci gaba sai an wanke shi. Masu gyaran waya in sun ce a wanke, nufinsu a goge duk abin da ke ciki a fara sabo. Gambo kuwa wankin allo ɗaya ya sani, wanda yake gani ina yi. Ya samo ƙwarya mai tsabta, ya yi bisimilla, ya wanke fuskar allon da tafin hannu, ruwan yana zuba cikin ƙwaryar. Bai zubar ba. Ya kai wa uwarsa.

"Inna, ga rubutu."

"Na wane malami?"

"Na su Yaya ne. Duk gaisuwar da suka aiko tana ciki. Na wanke gefe biyun daidai."

Ta karɓa ta sha, ta shafa sauran a ido. Allon ya yi kwanaki a binne cikin buhun shinkafa bisa umarnin Lantana, kuma Allah ya sa rigar roba da ke jikinsa ta tare yawancin ruwan. Ya tashi. Idon dai bai tashi ba.

Wata rana aka yi nasara kiran biyu suka zauna a allon lokaci ɗaya. Lantana ta ce ba kowane allo ke yarda da haka ba, wannan dai ya yarda. Muryar kowace tana fita, ɗayar tana jiyo ta kamar daga cikin rijiya. Gambo ya karyo tsinken tsintsiya ya auna tagogin, ya ja layin tsakiya gaba kaɗan, baya kaɗan, har suka zo daidai. Komai ya tafi lafiya sai da Hasana ta tambaya.

"Gambo, ni a wane gefe nake?"

"Hagu, Yaya Hasana."

"Hagu. Ni ce ta hagu. Da kyau."

Ya kama ta da yatsa ya mayar da ita dama. Usaina ta ji, ta ce to ita ce bola ke nan, duk abin da aka ƙi a kawo mata. Ya juya allon a tsaye, tagogin suka koma ɗaya sama ɗaya ƙasa, aka koma rigimar wace ce a ƙasa. Gambo ya ce su yi haƙuri, zai riƙa sauya su. Ya riƙa juya allon kamar mai gasa masara, hotunan suna wuntsilawa, har Uwar Biyu ta ce jiri yana ɗibarta, a kashe. Ya tambaya wace zai fara kashewa. Ta ce Allah ya kiyaye bakinsa. A ƙarshe ya sa yatsa biyu ya danna a tare.

Akwai wani abu da ya faru tsakanin wannan da na gaba, wanda akuya ta shiga ciki, amma na neme shi na rasa. Abin da na tuna shi ne Lantana ta zo zaurena ta zauna a bakin ƙofa, ba ta yi dariya ba ranar. Ta ce idon dama ya tafi, na hagu ne ya rage, shi ma in damina ta wuce ba ta ba shi tabbas. Na ce ni zan raka tsohuwar asibitin ido na Kaduna, ba Jos ba ba Sakkwato ba. Da na gaya wa Uwar Biyu, ta yi mini godiya ta ce in ta bi baƙo ta bar 'ya'yanta, ta ɓata wa biyu ke nan maimakon ɗaya.

Wata rana, Juma'a ce kuma, ina zaune a tsakar gidan an kawo mini fura, kiran suka shigo. Gambo ya raba allon, ya auna, ya ɗage labule, ya riƙe shi dab da fuskar uwarsa. Tagwayen suna jin juna sarai, amma ba mai yi wa wata magana sai ta bakin Gambo.

Hasana ta ce, "Gambo, gaya wa wasu mutane likitan Jos ya ce a kawo ta ranar Litinin."

Gambo ya juya wajena, don ni kaɗai ne wasu mutane a wurin, ya gaya mini. Na ce na ji.

Usaina ta ja tsaki ta ce, "Gaya mata abin da na ce."

Gambo ya matso da baki kusa da tagar Hasana ya ja tsaki mai tsawo, ya ce, "In ji Yaya Usaina."

"Ni kake yi wa tsaki, Gambo? Ni da na goya ka?"

"Saƙo ne, Yaya."

"Ke kika goya shi?" in ji Usaina. "Gambo, gaya mata ranar da ta goya ka a kwata ta yar da kai. Shi ya sa kake haka."

Ana cikin wannan Uwar Biyu ta ɗago hannu ta shafa gilashin, gefe ɗaya sannan ɗaya gefen. Ta ce, a hankali, "Gambo, sun zo ne? Ni haske kawai nake gani." Na ɗauka shi ke nan, za su sauko. Sai Hasana ta ce ga abin da taurin kan wasu ya jawo, Usaina ta ce wa ya fi wani taurin kai, suka dasa daga inda suka tsaya, wannan karon da kuka a cikin muryar. Tsohuwar ta janye hannunta. Ta faɗi abin da takan faɗa tun suna yara in sun ishe ta da faɗa, kuma na tabbata gajiya ce ta faɗe shi, ba umarni ba.

"Gambo, kwashe su ka kai ɗaki ka kulle. Kada ka buɗe sai sun shirya."

Gambo ya miƙe da allon. Ya shiga tsohon ɗakin tagwayen, inda yanzu ake ajiye buhunan wake, ya jingina shi a kan gadon ƙarfen da suka kwana a kai har aurensu. Ya fito ya ja ƙofa, ya sa kwaɗo, ya rataya makullin a wuya, ya zauna a dokin ƙofar.

Lantana ta shigo kawo maganin ɗigawa ta tarar da mu a haka. Ta ce, "Gambo, ai ba a kulle mai kiran waya. Da sun ga dama sai su kashe su yi tafiyarsu." Ya ce shi dai ya kulle. Muka kasa kunne. Ba su kashe ba. Ni ma sai daga baya na gane dalili: duk wadda ta fara kashewa ta bar wa ɗayar fili ke nan, kuma za a ce ita ce ta katse kira a gidan uwarta. Kwaɗon Gambo bai riƙe kowa ba, amma ba wadda ta iya fita.

Da farko kiran Gambo suke yi, kowace da irin zaginta. Da suka ga ba mai kai saƙo, dole suka juya kan juna. Na ji maganar suna, na ji maganar wani biki da ba a gayyaci wata ba, na ji abubuwan da bai kamata baƙo ya ji ba, na matsa da tabarmata gindin bishiya. Daga can ban ƙara jin kalmomi ba sai tashin murya da saukarta. Can sai muryar ta yi ƙasa. Gambo da ke bakin ƙofa ya ce mana Yaya Usaina tana tambaya ko gadon nan ne mai karyayyar ƙafa, Yaya Hasana ta ce shi ne, kuma ba ita ta karya ba. Ya ce yanzu wata tana dariya, bai san wace ba, don dariyarsu iri ɗaya ce. Ya ce yanzu kuma suna maganar Inna. Bayan nan ɗakin ya yi shiru gaba ɗaya. Cajin allon ne ya ƙare.

Gambo ya ƙwanƙwasa. "Yaya, kun shirya?"

Ba amsa. Ya koma ya zauna.

Lantana ta yi masa bayani iya bayani, ya ce ba su ce sun shirya ba. Ta juya ga tsohuwar ta ce, "Uwar Biyu, ki ce ya buɗe a kai shi caji mana." Uwar Biyu tana jan carbi. Ta ce, "Ni na ce ya kulle?" Aka ce ita ta ce. Sai ta ce, "To in na ce, na ce."

Allon nan shi kaɗai ne hanyar da tagwayen ke samun uwarsu. Da suka kira suka ji a kashe, suka kira Lantana, ta kawo wayarta ta miƙa wa Gambo. Hasana ta ce ya buɗe ɗakin nan yanzu. Gambo ya ce muryar ta yi kama, amma Yaya Hasana tana ɗaki, shi ya kulle ta da hannunsa. Usaina ta kira, ya ba ta amsa iri ɗaya, don kada ya bambanta. Safe da yamma yana zuba tuwo a kwano biyu, ya daidaita miya, ya tura ta ƙaramar tagar bayan ɗakin. Kyanwar maƙwabta ta samu abin yi. Yakan jawo kwanonin ya nuna mini ya ce, "Suna ci, Malam. Magana ce dai ba sa yi."

Ban riƙe kwana nawa aka yi ba, ba su da yawa. Ina zaure da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidan. Mata biyu suka fito daga kujerar baya, tsayi ɗaya, tafiya ɗaya, kowace da jakarta. Daga baya na ji da allon ya mutu maganarsu ba ta ƙare ba, dole suka nemi lambar juna, suka haɗu a Zariya suka ɗauki mota ɗaya. Gambo ya gan su, ya taɓa makullin wuyansa, ya je ya jijjiga kwaɗon ya ga yana nan.

"Ta ina kuka fito?"

Hasana ta buɗe baki za ta yi faɗa, Usaina ta taɓa mata hannu ta ce, "Sirrin tagwaye ne, Gambo. Ba a tambaya."

Ya gyaɗa kai, wannan bai ba shi mamaki ba. "To kun shirya?"

Suka dubi juna. Hasana ta ce, "Da sauran magana, amma mun shirya."

"Ke fa, Yaya Usaina?"

"Mun shirya. Buɗe, sarkin gidan yari."

Ya buɗe. Su kuwa ba su ko leƙa ɗakin ba, suka wuce wurin tsohuwar suka durƙusa. Ta lalubi fuskar wannan da hannun dama, ta waccan da hannun hagu, sannan ta sauya hannu. Ba a sauke jakunkuna ba. A motar nan aka sa ta a tsakiyarsu aka nufi Kaduna, Gambo yana gaba da allon a cinya. Sun ce masa ya kula da hanya, kuma an ce bai ƙifta ido sosai ba har suka isa.

Ni ban ga dawowarsu ba. Kafin nan tafiya ta kama ni, na yi arewa. Shekaru suka shiga tsakani, har na fara shakkar ƙarshen labarin, don wani lokaci abin da na so ya faru yakan zauna mini a kai kamar ya faru. Saboda haka da hanya ta sake bi da ni ta yankin, na sauka na tambayi gidan Uwar Biyu, yara suka nuna mini. Na yi sallama a zaure, Gambo ya amsa daga wajen awaki ya ce in shiga. Tana zaune a inuwa da faifai a cinya tana tsince tsakuwa daga cikin wake. Tun ina bakin ƙofa, ban ce komai ba, ta ɗago kai ta karkata shi gefe ta dube ni.

"Malam, ashe haka ka tsufa?"

Na zauna na tambaya, ta gaya mini, Lantana ma ta gaya mini. Na daman bai dawo ba. Ido ɗaya aka ceto, na hagu, kuma da shi ta gan ni.